Kukarmu da Samaniyar Aro: Tsokaci a Kan Hotunan Dare na Jabu

Gabatarwa

A farkon zangon karatun da ya gabata wasu ɗalibaina suka shigo ofis ɗauke da samfurin kalandar da suke shirin bugawa, suna neman in duba musu ƙa'idojin rubutu kafin a kai maɗaba'a. Na sa wa wasu baƙaƙe ƙugiyarsu, na raba kalmomin da aka haɗe, sannan idona ya kai kan hoton da aka ƙawata shafin da shi. Dutsen Zuma ne tsaye cikin dare, ga wata ɗan daren goma sha huɗu ya cika fal a kafaɗarsa, ga kuma farin tafarkin nan na taurari da ke ratsa sama, wanda malamai ke kira Majarra da Larabci, yana ta ƙyalli kamar an watsa garin azurfa. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa haka ƙasarmu take da dare.

Na tambaye su ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa yin wasan dandali daren farin wata. Aka yi shiru, can sai ɗayansu ya ce, "Malam, ai dai ya yi kyau." Na ce lalle ya yi kyau, sai dai tun da aka halicci dutsen nan ba a taɓa yin wannan daren ba. Duk yaron da ya tashi a ƙauye ya san cewa idan wata ya cika, haskensa yakan shanye ƙananan taurari, har sai manyan kaɗai ke saura. Wanda ya haɗa hoton ya ɗauko dutse daga wuri ɗaya, wata daga wani wuri, taurari daga wata ƙasa, ya liƙa su da kwamfuta, ya miƙo mana. Mu kuma, masu digiri da masu nemansa, muka karɓa hannu bibbiyu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi jayayya da masu ganin cewa wannan ba komai ba ne. Ra'ayina shi ne, hoton sararin sama da aka ɗauka bisa wani dutse ko daji ko rairayi shaida ne, kuma wanda ya yi masa cushe ba tare da ya faɗa ba ya yi shaidar zur. Zan kawo hujjojin abokan jayayyata kamar yadda suke faɗinsu, sannan in amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda Mai Gaskiya Ke Ɗaukar Hoton Dare

Kafin a gane muninta jabu, ya kamata a san wahalar da ke cikin na gaskiya. Wannan sana'a ta daɗe. A 1840 John William Draper ya ɗauki hoton wata a birnin New York, sannan a 1850 wasu masana biyu, Whipple da Bond, suka ɗauki hoton farko na tauraro a ɗakin binciken sama na Jami'ar Harvard. Tun daga wancan lokaci har yau matsalar guda ce, wato ƙarancin haske. Da rana idon kyamara ƙiftawa ɗaya yake yi hoto ya kammala. Da dare kuwa tilas a bar shi buɗe na tsawon lokaci domin ya tattara ɗan hasken da ke sauka kaɗan-kaɗan, kamar mai tarar ruwan indararo a ƙarshen damina.

To amma a nan wata matsalar ke tasowa. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka taurari ba sa tsayawa su jira kowa. Idan aka bar idon kyamara buɗe ya wuce kima, maimakon ɗigo-ɗigon haske sai a sami zane-zane. Masu sana'ar suna da wani ɗan lissafi na kintace: a raba 500 da tsawon gilashin kyamara a ma'aunin milimita, abin da ya fito shi ne yawan sakan ɗin da za a iya jira. Gilashi mai milimita 20 ke nan zai ba da kimanin sakan 25. Sai an kafa kyamarar bisa mazauni mai ƙafa uku don kada ta motsa, sai an zaɓi kwanakin duhun wata, sai an yi nisa da fitilun gari, sai kuma mutum ya zauna cikin duhu na minti 20 zuwa 30 kafin idonsa ya saba har ya ga abin da ya zo ɗauka.

A ƙasarmu akwai ƙarin wani cikas wanda Bature mai koyar da sana'ar bai san da shi ba. Cibiyar Majarra, wato wurin da ta fi kauri da haske, tana bayyana ne da dare tun daga wajen Maris har zuwa Oktoba, kuma yawancin wannan lokaci damina ce, gajimare ya rufe sama. Idan rani ya shigo gajimare ya kau, sai hazon hunturu ya maye gurbinsa, ita kuma cibiyar ta koma fitowa da rana. Don haka mai neman hoton gaskiya a Nijeriya sai ya yi farautar dare irin wanda ruwa ya ɗauke ya wanke sama tas, ko kuwa ya jira 'yan kwanakin kaka kafin ƙura ta taso. Yana iya yin tafiya uku ya dawo hannu rabbana. Mai kwamfuta kuwa cikin minti goma, yana shan shayi, zai fitar da abin da ya fi nasa ɗaukar ido. Idan muka ajiye su biyun a mizani ɗaya muka ba mai cushe kyauta, mun koya wa kowane matashi cewa wahalar gaskiya wauta ce.

Hujja ta Farko: "Ai Fasaha Ce"

Wannan ita ce hujjar da aka fi jifata da ita, kuma an san inda ake nufi a soka. Akan ce, "Kai da kake cin abinci da koyar da ƙagaggun labarai, ina kai ina tsangwamar ƙirƙira? Marubuci yana da ikon ya sa aljani ya yi magana, me zai hana mai hoto ya sa wata inda ya ga dama?"

Amsa tana nan cikin adabin namu. Bahaushe bai taɓa ƙin ƙirƙira ba, abin da ya ƙi shi ne a ɓoye ta. Mai tatsuniya ba ya fara magana sai ya ce ga ta nan ga ta nanku, kuma ba ya tashi sai ya rufe da ƙurunƙus. Waɗannan kalmomi yarjejeniya ce tsakaninsa da masu sauraro: daga nan zuwa nan ba duniyarku muke ciki ba, kada wanda ya riƙe ni da Gizo ko Ƙoƙi. Haka nan marubucin zamani yakan rubuta a bangon littafinsa cewa ƙagaggen labari ne. Amma da a ce wani ya zo fada ya ba da labarin Gizo a matsayin shaidar iyakar gona, da ba a kira shi mai fasaha ba, da wani suna daban aka kira shi.

Hoto ya gaji wani matsayi wanda zane bai da shi. Masu iya magana kan ce gani ya kori ji, kuma darajar hoto ta taso ne daga amincewar mutane cewa abin da suke kallo ya faru a gaban wani ido. Mai cushe yana cin moriyar wannan amincewa ne alhali ya karya sharaɗinta. Ba domin mun ɗauka gaskiya ne ba, da hoton kalandar nan bai burge mu haka ba. Ban hana kowa ya haɗa dutse da wata da taurari yadda ransa ya so ba, iyaka ya rubuta a ƙasa cewa haɗi ne. Ya faɗi ga ta nan ga ta nankunsa, mu kuma mu amsa masa da ta zo mu ji ta.

Kada kuma a ɗauka wannan tsaurin ra'ayin wani malamin adabi ne kawai. A 2019 mujallar National Geographic, wadda duniya ta san ta da hotuna, ta wallafa aikin wata Ba'amurkiya na tsofaffin itatuwa ƙarƙashin taurari, ciki har da hoton kukoki a ƙasar Botswana. Masana sama suka duba suka ga an kwafi wasu sassa na Majarra an maimaita su a cikin hoton, abin da ba ya yiwuwa a samaniyar Allah. Da magana ta yi ƙarfi, mujallar ta janye hotunan. Kukokin na gaskiya ne, tafiyar ma an yi ta, amma samaniyar an taɓa ta, kuma wannan kaɗai ya isa. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Hujja ta Biyu: "Kyamarar ma Ƙari Take Yi"

Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Masu ita suna cewa babu hoton dare da ya yi daidai da abin da ido ke gani. Idon ɗan'adam cikin duhu ba ya tantance launi sosai, shi ya sa yake ganin Majarra fari-fari kamar hayaƙi, kyamara kuwa tana fito da ruwan ɗorawa da ja da shuɗi. Ƙwararru ma sukan ɗauki hotuna da yawa na wuri ɗaya su ɗora su bisa juna don rage dishi-dishi, sannan su gyara haske da kwamfuta. To tun da kowa gyara yake yi, ina iyakar da za a shata?

Iyakar a fili take. Akwai bambanci tsakanin tattara hasken da ke nan da ƙaro hasken da ba ya nan. Launukan da kyamara ke fito da su ba ita ta ƙaga su ba, suna can, rauni ne na idonmu ya hana mu ganinsu. Hasken cibiyar Majarra ya yi tafiyar shekara kusan 26,000 kafin ya iso idon kyamarar, kuma aikinta shi ne ta yi haƙurin karɓarsa. Mai tabarau da ya karanta ƙananan baƙaƙen da tsirarar idonsa ta kasa gani bai ƙara komai a littafin ba. Amma wanda ya ɗauki alƙalami ya cusa layi a tsakiyar shafi ya yi wani abu daban, ko da kuwa layin nasa ya fi na marubucin daɗi. Mu da muke aiki da tsofaffin rubuce-rubucen ajami mun san wannan bambanci sarai. Mai kwafe yana iya fito da baƙin da tawada ta dushe, ba ya da ikon ƙara baiti.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne yanzu na'urar kanta tana iya yin cushen ba da sanin mai ita ba. A watan Maris na 2023 wani mutum ya ɗauki hoton wata ya dusar da shi da gangan har ramukansa suka ɓace, ya sa shi a fuskar kwamfuta, sannan ya ɗauke shi da wayar Samsung daga nesa. Sai ga hoton ya fito da ramuka da tabo waɗanda babu su a abin da aka ɗauka. Kamfanin ya yi bayanin cewa wayar tana amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gane wata da kuma inganta kamanninsa. Ke nan mai wayar yana murna ya kama watan daren nan, alhali rabin abin da ke hannunsa watan da na'ura ta haddace ne. Ga al'ummar da ke ɗaukar azumi da ajiye shi bisa shaidar ganin jinjirin wata, wannan bai kamata ya zama abin dariya ba.

Abin da Muke Asara

Mai karatu yana iya cewa, to an yi ƙarya a kalanda, wa aka cuta? An cuci abubuwa biyu, ilmin da muka gada da kuma shaidar da za mu bari.

Kakanninmu ba kallon ado kaɗai suke yi wa sama ba, karanta ta suke yi. Sun san Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, tana tsakiyar sama a daren hunturu, tana ɓacewa a yamma daf da faɗuwar ruwa, sannan ta sake ɓullowa a gabas da asuba bayan wasu makonni. Sun san Zara matar wata a yamma da Gamzaki a gabas. Yau kimiyya ta nuna mana abu ɗaya ne ke fitowa da sunaye biyu, kuma ba ya yin nisa da rana fiye da kimanin digiri 47, shi ya sa ba a ganinsa a tsakar ka da tsakar dare. Malaman hisabi sun riƙe taurari 28, irin su Dabaran da Zira'a da Nasara da Jabha da Sarfa da Iklil da Shaula, bakwai-bakwai ga kowane yanayi, kowanne da kwana 13, a ƙara wa ɗaya daga cikinsu kwana guda lissafi ya cika 365. Da wannan manomi ke tuntuɓar malami kan lokacin shuka. An sa wannan ilmi cikin waƙa don a sami sauƙin haddacewa, har Mervyn Hiskett ya yi nazarin irin waɗannan waƙoƙi a wata maƙala a 1967. Tun kafin haka, wani Bakatsine, Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a ƙasar Masar saboda zurfinsa a lissafi da sanin taurari.

Jikokin waɗannan mutane ne yau aka nuna wa cikakken wata a tsakiyar Majarra suka tafa. A nan ne takaicina yake. Hoton jabu ba ya cin kasuwa sai a wurin waɗanda suka daina ɗaga kai, kuma duk lokacin da ya ci kasuwa yana ƙara musu dalilin ƙin ɗagawa, domin samaniyar gaskiya ba za ta taɓa kai ta kwamfuta ƙyalli ba. Yaron da aka shayar da irin waɗannan hotuna, ran da ya je ƙauye ya ga ta gaske, cewa zai yi wannan ce kawai?

Abu na biyu shi ne shaida. Sama tana ɓace mana, kuma akwai alƙaluma. Wani binciken da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna zaune ne ƙarƙashin samaniyar da hasken fitilu ya gurɓata, kuma kashi ɗaya cikin uku ba sa iya ganin Majarra ko kaɗan daga inda suke. Wani binciken na 2023, wanda ya dogara da rahotannin masu kallo sama da 50,000 daga 2011 zuwa 2022, ya gano cewa hasken da ke dusar da taurari yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari duk shekara. Ma'anarsa ita ce yaron da aka haifa a inda ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 sai ya tarar saura 100. Daɗin daɗawa, tun da kamfanin SpaceX ya harba rukunin farko na taurarin ɗan'adam 60 na Starlink a watan Mayu na 2019, dubbai sun biyo baya, suna ratsa hotunan dare da layuka.

Ƙasan ma canzawa take yi. A 2018 masana suka ba da rahoton cewa 9 daga cikin kukoki 13 mafiya tsufa a Afirka sun mutu, ko kuma manyan sassansu sun rushe, cikin shekara 12 kacal. To idan sama tana dushewa kukoki suna faɗuwa, hoton gaskiya da aka ɗauka yau, mai ɗauke da kwanan wata da sunan wuri, takarda ce ta tarihi. Nan da shekara hamsin ɗan bincike zai iya cewa ga yadda dare yake a Kufena, ga yadda yake a Riyom, ga yadda yake a tsaunin Mambila. Amma idan rumbun ya cika da jabu, ba zai san wanne zai gaskata ba, sai ya watsar da su duka. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, sai dai wannan furen har itacen gaskiyar da ke kusa da shi yake kashewa.

Hujja ta Uku: "Mai Neman Lantarki Ina Ruwansa da Taurari?"

Wani abokin aikina ya taɓa ce mini wannan duk maganar ƙoshi ce. A ƙasar da Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa mutum miliyan 85 ba su da wutar lantarki, ta yaya malami zai tsaya yana kukan haske ya yi yawa? Har ma ya tuna mini cewa binciken nan na 2016 ya sa Chadi cikin ƙasashen da samaniyarsu ta fi tsabta, kuma kowa ya san ba don gwaninta ba ne.

Ya faɗi gaskiya, kuma ban yarda a mai da talauci abin yawon buɗe ido ba. Matar da ke naƙuda a asibitin ƙauye ana haska ta da tocilan waya ba ta bukatar waƙar yabon duhu. Sai dai abokina ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Hasken da ke amfanar mutum shi ne wanda ya sauka ƙasa, kan titi, kan littafi, kan gadon mara lafiya. Wanda ke kashe taurari shi ne wanda ya tsere sama, kuma wannan asarar kuɗi ce zalla. Fitilar da aka yi wa rufi ta fuskanci ƙasa ta fi haska hanya, ta kuma bar sama a yadda take. A duba fitilun sola da ake ta kafawa a garuruwanmu, da yawa an karkata su suna kashe wa direba ido suna haska gajimare. A duba kuma yankin Neja Delta, inda harsunan iskar gas ke ci dare da rana har sama ta yi ja. Dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin wa'adin daina wannan ƙone-ƙone, amma har yanzu ana yi, kuma ƙauyuka da dama da ke ƙarƙashin wannan jan haske ba su da wutar da za su kunna ƙwai ɗaya. An raba su da taurari ba a kuma ba su lantarki ba. Hoton gaskiya na wannan dare zai fi maƙala goma tasiri, mai cushe kuwa gogewa zai yi ya liƙa taurari.

Tun da yawancin ƙasarmu ba a riga an wadata ta da fitilu ba, muna da damar da Turai ta rasa, wato mu yi abin daidai tun farko. Namibiya ta nuna hanya, domin a 2012 gandun NamibRand ya zama wuri na farko a Afirka da aka amince da shi a matsayin keɓaɓɓen yankin kare duhun sama. Allah kuwa ya ajiye mu a wuri mai kyau. Daga Kano cibiyar Majarra tana hawa har kusan digiri 49, daga Ibadan ta haura 50, alhali mutumin Landan ko digiri 10 ba ya samu. Muna ganin tauraron arewa, muna kuma ganin taurarin kudu waɗanda ba sa ɓullowa a Ingila. Mai wannan arziki ne ke aron samaniyar wasu.

Dare Mahutar Bawa

Akwai dalili na ƙarshe wanda ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya fi ciwo. Wani matashi mai sha'awar sana'ar ya ce mini, "Malam, ka ce in je daji da dare. Wane dajin?" Ban sami amsa nan take ba. Hausawa suna da karin magana biyu game da dare, ɗaya ta ce mahutar bawa ne, ɗaya ta ce rigar mugu ne, kuma a shekarun nan ta biyun ce ta yi rinjaye a sassa da yawa na Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja. Wa zai kafa kyamara a gindin dutsen Kwatarkwashi da ƙarfe biyun dare ya zauna awa uku? Manomin da ya san taurarin nan da sunayensu yana sansanin gudun hijira, ko ya shige ɗaki tun magariba.

Na tausaya wa wannan matashi, amma ban yarda wannan uzuri ne na cushe ba. Hasali ma a nan ne cushen ya fi muni. Hoton da ya nuna dajinmu lami lafiya ƙarƙashin taurari, alhali babu ɗan'adam da ya iya tsayawa wurin ya ɗauke shi, yana shafa wa ciwo hoda ne. Rashin hoton shi kansa labari ne, kuma gara a bar gurbin a buɗe kowa ya gani ya tambayi dalili. Ranar da ɗalibi zai iya ɗaukar kyamara ya kwana bisa dutse ya dawo gida lafiya, ranar ce za mu san zaman lafiya ya dawo, kome jami'ai suka faɗa kafin nan.

Kammalawa

Ba na son in tsaya ga suka kawai, don haka ga abin da nake kira a yi. Da farko, duk wata mujalla ko kalanda ko bangon littafi da ya fito daga hannunmu, kada a sa hoton dare sai an rubuta wuri da kwanan wata, idan kuwa haɗi ne a faɗa ɓaro-ɓaro. Na biyu, ɗaliban da ke neman batun kundin digiri su dubi wannan fage. A je wurin tsofaffin manoma da makiyaya da masunta da malaman zaure, har da dattawan Sabo da ke nan kusa da mu waɗanda suka yi fatauci a ƙuruciyarsu, a tambayo sunayen taurari da karin maganarsu da lokutan fitowarsu, a rubuta kafin ƙasa ta rufe idanun masu ilmin. Na uku, mai waya ko kyamara da ya je hutu inda ake da kwanciyar hankali, ya zaɓi daren duhun wata, ya jingina na'urarsa da dutse, ya ɗauki abin da Allah ya nuna masa. Ko ya fito dishi-dishi, nasa ne, kuma na garinsu ne.

Game da kalandar nan kuwa, ɗalibaina sun cire hoton, ko da yake ba duka ne suka ji daɗi ba. Ɗayansu da ya dawo daga hutu ya kawo mini wani da ya ɗauka a bayan gidansu: inuwar kuka ɗaya, katangar ƙasa, da 'yan ɗigo-ɗigo a cure wuri ɗaya sama da reshe. Ya tambaye ni ko na san su. Na ce ya koma ya tambayi kakarsa, idan ta ce masa Kaza ce da 'ya'yanta, ya rubuta haka a ƙarƙashin hoton, tare da sunan garin da ranar da ya ɗauka. Allah ya sa mu gane, ya kuma maido mana da darenmu lafiya, amin.